Inna, Wadda Ta Je Agadas Ta Dawo da Ɗanta

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, wadda mu da 'ya'yanmu da rabin unguwarmu a Babura muke kira Inna. Da kaka ta rasu, ana tsakiyar yankan gero. Shi ya sa duk shekara, da na ga an fara jera dammuna a bakin hanyar Kazaure zuwa Babura, sai ta faɗo mini a rai fiye da kullum. A shekarun baya nakan yi mata addu'a ne in yi shiru. Bana na ga ya kamata in rubuta wani abu, domin waɗanda suka san ta suna ta raguwa, ƙananan jikokinta kuma hotonta kawai suka sani, wanda aka ɗauke ta a zaune ta haɗa hannuwa a cinya. Duk wanda ya san Inna ya san zama irin wannan ba nata ba ne.

A wani ƙauye kusa da Roni aka haife ta, cikin duwatsu. Mahaifinta bafatake ne mai jakuna, yana zuwa arewa ya sayo kanwa da gishiri. Ta sha ba mu labarin cewa tana yarinya, duk ranar da zai tashi sai ta hau dutsen bayan gidansu ta yi ta kallon jakunan har su ɓace. Wata rana kallon bai ishe ta ba, ta sauko ta bi su a ƙafa, ba a ankara da ita ba sai a ƙauyen gaba. Aka dawo da ita a kan jaki, aka yi mata dukan da ta ce har ta tsufa tana tunawa. Amma idan ta zo nan a labarin dariya take yi, ta ce ai ta dai ga rijiyar ƙauyen, kuma ta gane ruwansu ya fi nasu daɗi.

Sai Allah ya haɗa ta aure da Baba, tela a Babura, mutumin da zuwa Kano ma yake ɗauka a matsayin babbar tafiya. Kekensa na ɗinki yana zaure, daga zaure sai masallaci, daga masallaci sai gona. Mutane suna mamakin yadda suka zauna lafiya, ni kuwa da na girma na gane kowannensu ya bar ɗan'uwansa yadda ya same shi. Muna ƙanana Inna ba ta zuwa ko'ina sai biki da ta'aziyya. A gida take daddawarta da ƙuli-ƙuli, tana fama da mu huɗu. Idan ɗayanmu ya kwanta ciwo ba ta ko tashi daga gefensa. Da muka yi wayo, autarmu ta shiga makaranta, sai Baba ya yarje mata ta riƙa kai kayanta kasuwanni. Daga nan ƙafa ta buɗe. Ranar kasuwar Achilafiya tana can da lalle da kuka da daddawa, ranar ta Gwiwa tana Gwiwa, wani lokaci ta tsallaka Magarya cikin Nijar ta dawo da dabino da labarai. Amma ko ina ta je, a gidanta take yin magariba. Ba mu taɓa cin tuwon dare ba ita ta kwashe shi ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ta kai mu Kazaure gaishe da wata 'yar'uwarta, aka zagaya da mu bakin dam. Ta ga masunta suna shirin tura kwalekwale, sai ta ce musu ita fa ba ta taɓa shiga ba, su taimaka su ɗan zaga da ita. Suka ɗauka wasa take yi. Ta tattare zane ta shiga ta zauna daram. 'Yar'uwar tata tana bakin ruwa ta riƙe baki tana salati, mu kuma muna ta kuka muna zaton an tafi da uwarmu ke nan. Ita kuwa ta saki hannu cikin ruwa tana ja, tana yi wa masuntan tambayoyi. Ta dawo gefen zaninta sharkaf, ta share mana hawaye, ta ce gari daga tsakiyar ruwa kamanninsa daban ne, kuma idan mun girma mu shiga mu gani da idonmu.

Yanzu 'ya'yana suna kwance a ɗaki suna kallon garuruwan duniya a waya. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga haka. Ina jin za ta karɓi wayar ta duba da sha'awa, don ba ta ƙin sabon abu. Amma na san bayan ɗan lokaci za ta tambaya wace mota ake hawa a je wurin, kuma a ina ake sauka.

Babban abin da ake tuna ta da shi a danginmu shi ne tafiyar da ta yi saboda Yaya Sanusi, ɗanta na fari. Masu karatu sun san yadda iyayenmu mata na da suke kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. “Yayanku” take cewa. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye sai ta bakin ɗayanmu. Baƙo zai iya rantsewa ba ita ta haife shi ba. Mu dai da muke gidan mun san wanda ake ɗebar wa tsokar da ta fi girma a ɓoye a ƙasan tuwo.

Yaya Sanusi bakanike ne, ya iya aikinsa, yana da mata, Hauwa, da jariri. A shekarun nan samarin yankinmu suka fara jin labarin aiki a Libiya, ana ta tafiya ta Agadas. Ya nemi izinin Baba, Baba ya hana. Ya sake nema, aka sake hanawa. Wata safiya aka wayi gari ba ya nan. Daga Damagaram ya aiko wani ya ce a yafe masa, zai dawo da abin da za a yi alfahari da shi. Bayan wannan saƙon sai shiru. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, labari sai ta bakin direbobi da fatake. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Inna ta ci gaba da zuwa kasuwanninta, sai dai na lura yanzu a bakin tasha take baza kayanta, inda motocin Nijar suke tsayawa.

Ana haka iyayen Hauwa suka zo. Mutanen kirki ne, kuma da mutunci suka yi magana. Suka ce 'yarsu ta yi haƙuri iyakar haƙuri, ba a san mijinta yana raye ko ya mutu ba, don haka suna so su kai maganar gaban alƙali a raba auren. Babu wanda ya ga laifinsu. Ita Hauwa tana ɗaki tana kuka, ba ta so, amma ba ta da ta cewa. A cikin makon ne wani direban babbar mota ya tsaya wajen Inna sayen daddawa, hira ta kai ya ce ya taɓa ganin wani ɗan Babura a Agadas, motarsu ta kife a hanyar sahara, an dawo da shi da karayar ƙafa. Bai san sunansa ba, bai kuma san ko yana nan har yanzu ba.

Aka taru a zauren Baba. Baffa, yayan Baba, ya ce a ba direbobi sallahu su bincika, don ba a tashi a tafi wata ƙasa a kan maganar da ba ta da kai. Wasu suka ce a tura ni Aminu, tunda lokacin ina koyarwa a firamare a Kanya Babba kuma an yi hutu. Inna tana daga bakin ƙofar cikin gida tana ji. Da aka yi shiru sai ta yi sallama ta durƙusa, ta ce wa Baba, “Malam, in ka yarje mini ni zan je. Aminu ya raka ni. In yaron nan kunya ce ta riƙe shi, ƙaninsa ba zai iya ɗago shi ba.”

Baffa ya ce wannan ba magana ba ce. Mace mai jikoki ta kama hanyar Agadas, me za a ce da gidanmu? Ya yi faɗa sosai, ya ce dama an bar ta ta saba da yawo shi ya sa. Baba yana zaune a bayan kekensa, kansa a ƙasa, yana murza zare a yatsa. Can ya ɗago ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri. Ni ba zan iya wannan hanyar ba, ita za ta iya. Ku je, Allah ya tsare.” Inna ta shiga ta roƙi iyayen Hauwa su jira dawowarta, ta ce in ta dawo hannu biyu ita da kanta za ta raka su gaban alƙali. Suka amince. Ta sayar da tunkiyarta, aka canza kuɗin zuwa sefa, ta ƙulla garin kunu da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, muka kama hanya.

Daga Babura zuwa Magarya duk gida ne a wajenta, har jandarmomin shingen sun san ta, suna tsokanarta yau ina daddawar. Daga Damagaram kuwa muka shiga ƙasar da ni da ita ba mu sani ba. Babbar mota muka samu mai ɗauke da buhunan gero, fasinjoji a saman kaya. Na so a nema mata wuri a gaba kusa da direba, ta ƙi. Ta ce a gaba me za ta gani ban da ƙeyar mota? Aka kafa mata tsani ta hau, ta zauna kan buhu, ta ɗaure mayafi a haɓa. Ni ina riƙe da ƙarfe ina addu'a duk lokacin da motar ta karkata, ita tana nuna mini yadda itatuwa suke raguwa suna gajarcewa bayan mun wuce Tanut, har aka kai inda sai ƙaya da rairayi da raƙuma jefi-jefi. Kafin azahar ta san sunan kowa a saman motar da abin da zai kai shi. Wata Buzuwa da ke kusa da ita ta koya mata yadda ake gaisuwa da harshensu, ta yi ta maimaitawa ana dariya.

Amma na ga wani abu da sauran fasinjojin ba su gani ba. Duk inda muka wuce gawar mota a gefen hanya, ta ƙone ko ta kife an bar ta, sai Inna ta yi shiru. Takan bi ta da kallo har ta ɓace, leɓɓanta suna motsi. Sai an jima sannan ta dawo cikin hira.

A Agadas muka sauka gidan wani mai masaukin baƙi, mutumin Daura, aka ba Inna wuri cikin matansa. Da safe muke fita, sai la'asar mu dawo. Muka bi tashoshi, muka bi garejin kanikawa, muka je asibiti. Ko a nan Inna ba ta faɗi sunan ba. Ni nake faɗa, ita kuma ta siffanta shi: dogo, baƙi, mai tabo a girar hagu inda ya faɗo daga bishiyar tsamiya yana yaro, kuma idan zai yi dariya yakan rufe baki da hannu. Na yi mamakin yadda ta san shi haka, mutumin da ban taɓa ganin ta kalle shi ido da ido ba. Wasu su ce sun ga mai kama da shi, mu je mu tarar wani ne. Wani ya ce mana yawancin waɗanda suka kife a motar nan an binne su a can inda abin ya faru. Ranar Inna ba ta ci abinci ba. Na ce mata ko mu haƙura mu koma, ta ce in na gaji in zauna a masauki in huta, ita za ta fita. Washegari tare muka fita.

Wata mai sayar da tuwo a bayan kasuwa ce ta gane shi daga maganar tabon. Ta ce akwai wani da ake kira Ɗan Kano, yana zaune wajen mai faci a bakin hanyar fita gari, ba ya tafiya sai da sanda, kuma ba ya son a tambaye shi garinsu. Ta haɗa mu da wanda ya nuna mana wurin.

Da hantsi muka isa. Yana zaune a ƙasa ƙarƙashin rumfar kwano, da robar taya a hannunsa yana gogewa, ƙafa ɗaya a miƙe an naɗe ta da tsummoki. Ya rame har sai da na duba girar kafin in tabbata. Ya ɗago ya gan mu. Robar ta faɗi daga hannunsa, ya sunkuyar da kai. Ni na kasa riƙe kaina, na durƙusa na rungume shi. Inna kuwa ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta je ta gaishe da mai facin, dattijo ne, ta tambaye shi iyali da aiki da gajiya, ta yi masa godiya bisa riƙon baƙo. Sai da ta gama tsaf sannan ta ce da ni in tambayi yayana ko ya karya kumallo.

Daga nan ta nemi a ɗora ruwa. Ta zauna a ƙasa gabansa, ta jawo ƙafar ta ɗora a cinyarta ta fara warware tsummokaran. An yi ɗorin a karkace, ga kuma gyambo ya kama wurin yana wari. Ni sai da na kau da kai. Ita ko yatsine fuska ba ta yi ba, ta yi ta wankewa a hankali. Yaya Sanusi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da ya samu bakin magana ya ce, “Inna, ki yafe mini, ki koma gida. Na saɓa wa Baba na fito, ga yadda na zama. Ba zan iya shiga Babura haka ba.”

Ba ta ɗago ba. Tana matse tsumma ta ce, “A Roni na haife ka. Ranar da na fara shiga da kai Babura a bayana kake, ko wando ba ka da shi. Babu wanda ya ce komai. Haka za mu sake shiga.”

Ban taɓa jin ta yi masa magana baki da baki ba sai ranar, kuma bayan mun koma gida ba ta ƙara ba.

Muka kai shi asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai an yanke ƙafar, yanzu ma ɗingishin ba zai rabu da shi ba, kuma kada a ɗora shi a mota sai gyambon ya kama hanyar warkewa. Muka zauna. Inna ta karɓi murhu a masauki tana yi masa tuwo da miyar kuka irin ta gida, tana dama masa kunu safe da yamma. Da ta ga ya fara cin abinci ya fara dariya yana rufe baki, sai hankalinta ya kwanta, tsohon halinta ya motsa. Ta sa na kai ta ta ga doguwar hasumiyar ƙasa ta babban masallacin garin. Ta ci cukun raƙumi, wato daskararren nono da aka busar, ta ce ya fi ƙarfin haƙoranta. Ta zauna da matan Buzaye ta sha shayinsu mai ɗaci. Ta hau raƙumi a kasuwar dabbobi, da ya miƙe da ita ta yi salati da ƙarfi, sannan ta ce a ɗan ƙara zagayawa.

Wata yamma ta ce in samo mai babur ya kai mu inda gari ya ƙare, tana so ta ga hanyar da yayana ya bi. Muka je muka tsaya. Babu komai a gabanmu sai fili da sawun motoci ya miƙe arewa har inda ido ya gaza. Ta daɗe tana kallo, iska tana kaɗa mayafinta. Na ɗauka za ta tsine wa hanyar ne. Sai na ji ta ce a hankali, “Ashe wannan ce ta kira shi. To, ban ga laifinsa sosai ba. A nono ya sha.” Ta juya ta ce mu koma kada kunu ya huce.

A dawowa an sama wa Yaya wuri a gaba saboda ƙafar, Inna ta koma saman kaya. Da la'asar muka shiga Babura. Labari ya riga mu isa, yara suna bin motar, mata suna leƙe ta katanga. Baba yana zaure yana ɗinki. Ya ƙarasa layin da yake kai, ya yanke zare, ya tashi. Yaya Sanusi ya jefar da sanda ya zube a gabansa. Baba ya dafa kansa ya ce ya yafe masa duniya da lahira, sannan ya dubi Inna ya yi mata sannu da hanya. Hauwa ta fito da yaron da aka bari a zani, yanzu yana gudu, ya ɓuya a bayanta yana leƙen baƙon da aka ce masa babansa ne. Baffa ma ya zo da yamma, ya zauna ya yi ta jan carbi, da zai tafi ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna Allah ya yi mata albarka. Maganar alƙali ba a ƙara tayar da ita ba. Yau Yaya da Hauwa har sun aurar da 'ya'ya, garejinsa kuma yana nan a bakin tasha.

Inna ta rayu kusan shekara goma bayan wannan tafiya. Allah ya nufe ta da aikin hajji, ta dawo tana ba da labarin jirgin sama fiye da yadda sauran alhazai suke yi, wai ta roƙi wani ya bar mata kujerar taga. Da ƙafafunta suka fara ciwo ta daina zuwa kasuwanni masu nisa, amma ba ta daina zuwa dubiya da zumunci ba, daga Roni har Gwiwa. Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, muka kai ta asibiti a Kazaure, da ta ga jikin ba ya ɗagawa ta ce a mayar da ita ɗakinta. A can ta cika da safe, muna kewaye da ita, Yaya Sanusi yana riƙe da ƙafafunta. Baba bai yi shekara uku a bayanta ba.

Abubuwa da yawa sun canza tun tafiyarta. An gyara wasu hanyoyin da ta sha ƙura a kansu, wasu kuma da ta bi hankali kwance yanzu sai mutum ya yi tambaya kafin ya bi. Iyakar da take tsallakawa kamar ƙofar maƙwabta, yau a buɗe gobe a rufe. Wannan zai ɓata mata rai, don ita ba ta taɓa ɗaukar mutanen Magarya baƙi ba. Samari kuma ba su daina tafiya ba, sai dai yanzu wuraren haƙar zinariya suke nufa. Kowa da waya a aljihu, amma har yanzu ana ɓacewa. Yaro ya je abin bai yi ba, kunya ta kama shi, ya cire layinsa ya jefar, uwa tana gida tana kira ana ce mata a kashe yake.

Da farkon daminar bana wata dattijuwa daga wani ƙauyen Gwiwa ta zo gidana a nan Kazaure, inda nake zaune yanzu. Ba mu san ta ba. Ta ce a kasuwa ta ji labarin cewa akwai wata mata a danginmu da ta taɓa zuwa ta dawo da ɗanta daga arewa, shi ne ta zo a haɗa su ta gaya mata yadda ake yi. Ɗanta ya tafi haƙar zinariya, an daɗe ba a ji shi ba, mijinta ya rasu, ba ta da wanda za ta aika. Na gaya mata wadda take nema ta daɗe a ƙasa. Ta yi mata addu'a, ta tashi za ta tafi. Na ce ta bar mini sunan yaron da kamanninsa.

Da na je Babura na ba Yaya Sanusi labarin, a matsayin hira kawai. Yana ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu. Ya fito ya goge hannu, ya sa na maimaita masa kamannin yaron. Bayan sati ya bar garejin a hannun babban ɗansa, ya ɗauki sandarsa da 'yar jaka. Na ce masa ya tuna shekarunsa da ƙafarsa da yadda hanya ta zama. Ya ce ya san inda irin waɗannan yaran suke ɓuya, don ya taɓa zama a wurin.

Ya daɗe bai dawo ba, har muka fara damuwa. Makon jiya ya kira ni da safe, murya tana yankewa. Ya ce ya sami yaron, yana raye, ya sha jinya amma ya miƙe, kuma suna hanya tare.

Dattijuwar ba ta da waya, don haka na hau babur na tafi ƙauyen da kaina. Na same ta a bayan gida tana sussukar sabon gero. Na gaishe ta, na gaya mata. Ta jingine taɓarya a jikin turmi, ta zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayi. Sannan ta share fuska da gefen mayafi ta ce, “Ɗana, wannan uwa taku da ta haifi wanda ya tafi nemo mini yaro, yaya sunanta? Ina so in riƙa ambatonta a sallata.”

Ban saba faɗin sunan Inna ba, bakina ya yi nauyi. Amma na faɗa mata. Sunanta Rakiya. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya haɗa ta da Baba a gidan Aljanna.